Shaidar da Kofur Sama'ilu Ya Janye

Kazaure,
Alhamis, 8 ga Agusta, 2024

Zuwa ga Gwaggo Zubaida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan ke da mutanen gida kuna lafiya, kuma ciwon kunnen ya yi sauƙi. Mahaifina yana gaishe ki.

Kin umarce ni in je Roni in ga mahaifinki, Kofur Sama'ilu, tunda bincikena na digiri na biyu a kan tsofaffin sojojin yaƙin basasa ne. Kin kuma ce in rubuto miki abin da na gani, ba abin da nake zato ba. Ga shi.

Na isa gidan ranar Talata da ƙarfe uku da kwata. Na same shi a zaure a kan buzu, ƙafarsa ta hagu a miƙe, an naɗe ta da tsumma mai tsabta. Na gaishe shi, na faɗi asalina: cewa kakata ta wajen uba da marigayiya Dela, mahaifiyarki, 'ya'yan wa da ƙani ne. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Ashe jikana ne. Kai ne mai tara ƙaryar tsofaffi a ba ka takarda?" Na ce ni ne. Ya ce, "To zauna, ka zo inda ake auna ta da tiya."

Mun yi kusan minti arba'in. Ya ba ni labarin ranar da aka ɗauke su soja, da takalmin da ya yi masa yawa har sai da ya cusa ciyawa, da yadda garin rogo ya hana su sakat a makon farko. Bai ce komai a kan faɗa ba, ni ma ban tambaya ba.

Da aka kira la'asar hadari ya riga ya haɗu, rana ta ɓace. Ƙafar ba ta kai shi masallaci, don haka ya yi alwala ya tsaya a wurin sallarsa na cikin gida, wanda aka kewaye da duwatsu. Bai tayar da kabbara ba. Ya daɗe a tsaye, sannan ya ce, "Jikana, ina gabas?" Na nuna masa inda duwatsun suka fuskanta. Ya ce, "Ba duwatsu na tambaye ka ba." Na ciro wayata don in nuna masa alƙibla, sai ya buge hannuna har wayar ta faɗi. Ya ce in fita in dubo masallacin unguwa da idona. Na fita, na duba, na dawo na tabbatar masa. Sai a lokacin ya yi salla. Matar ƙaninki, wadda ke kula da shi, ta ce haka yake yi duk ranar da rana ta ɓuya, kuma abin ya tsananta tun rasuwar Inna Dela shekara uku da suka wuce.

Bayan salla ya yi mini maganar tafiyar da kika ji ƙishin-ƙishin ɗinta. Yana so ya je Unguwar Tsamiya a ƙasar Gwiwa. Yana so ya tafi da mutum mai rubutu wanda ba ɗan cikinsa ba ne. Kuma ba zai tafi ba sai "ta Babura" ta yarda. Kin san ba ya kama sunanki, kasancewarki 'yar fari. Na ce tafiyar ai ta kusa ce, me ya kai ta neman izini? Ya ce, "Shekara hamsin da huɗu ban taka garin ba. Kai ka ce kusa ne?"

Kin tambaye ni ko hankalinsa ya fara gushewa. Ni ba likita ba ne. Abin da zan iya cewa shi ne, ya lissafa mini sunayen mutum tara da suka yi aiki tare ba tare da gargada ba, kuma ya gyara mini wata shekara da na faɗa ba daidai ba. Da na duba littafi, shi ne mai gaskiya.

Ina jiran umarninki.

Naki,
Jamaluddeen

*

Babura,
Lahadi, 11 ga Agusta

Jamalu ɗana,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ruwa ya yi mana yawa har katangar makarantarmu ta zauna. Kunne yana nan yadda yake. Shi ya sa na ce takarda za mu riƙa yi. In na ɗauki waya sai na buɗe murya, kafin in ce "to" maƙwabta sun gama jin zancen. Ka ci gaba da ba direban nan, ba ya karatu kuma ba ya surutu.

Na karanta wasiƙarka sau biyu. Kai ko rahoton 'yan sanda albarka. Amma na gode, abin da na nema ke nan.

Unguwar Tsamiya na san ta a baki. Garin mijin Inna na farko ne, Yakubu, aminin Baba. Tare suka shiga soja, shi bai dawo ba. Baba ne ya binne shi da hannunsa a can Kudu, ya kawo wa mahaifiyarsa ɗamararsa. Inna ta yi takaba ta koma gidan iyayenta a Roni, bayan shekara biyu manya suka haɗa ta da Baba. Da wannan labari aka raine mu. Duk wanda za a yi wa misalin riƙon amana a danginmu, da Baba ake yi. Na ji an ce ƙanwar Yakubu, Shatu, tana nan da rai, ita kaɗai ta rage. To in zumunci zai je yi, mene ne na mai rubutu? Mene ne kuma nawa a ciki?

Bari in gaya maka abin da ba ka sani ba. Shekarata hamsin da ɗaya, ban taɓa zama da mahaifina mun yi hirar minti goma ba. In na shiga gaishe shi, bango yake amsa wa. Na san al'ada ce, na san ba ƙi ba ne; lokacin da na yi ciwon haihuwar farko an ce kwana uku bai ci abinci ba. Amma kai da ka zo shekaranjiya ka fi ni sanin muryarsa. Har wasan jika yake yi da kai!

Ga ciwon sukari, ga ƙafa, ga hanyar Gwiwa a tsakiyar damina. Ba zan ce e ba sai na san dalili. Ka koma, ka zauna da shi, ka saba da shi. Kada ka matsa masa, in aka matsa masa rufewa yake kamar kunkuru. In ya faɗa, ka rubuto.

Ka gaishe da Malam mahaifinka, da mahaifiyarka.

Gwaggonka,
Zubaida

*

Kazaure,
Talata, 20 ga Agusta

Zuwa ga Gwaggo Zubaida,

Assalamu alaikum. Ina fatan an tayar da katangar, kuma kowa yana lafiya.

Na koma Roni sau huɗu. Yanzu ni nake wanke masa ƙafar idan na je, saboda ya ce hannun surukarsa yana da tausayi da yawa, nawa kuwa "hannun ɗan boko ne, ba ya jin komai." Yana sa ni cin abinci a kwano ɗaya da shi. Ya tambaye ni shekaruna, na ce talatin. Ya ce, "Ba mata? Biron za ka aura? To ka yi sauri, ni ina da ran ƙwace ta." Ya hana ni kunna na'urar ɗaukar magana. Ya ce akwai ranarta.

Ciwon ƙafar bai ƙaru ba, bai kuma ragu ba. Yana shan magani a kan lokaci.

A zuwana na huɗu, ranar Asabar, ya gaya mini dalilin tafiyar. Ya ɗauki alkawarina kafin ya fara. Saboda haka ba ni da ikon rubuta shi tukuna. Abin da zan iya cewa ba tare da na karya alkawari ba shi ne: maganar ta samo asali ne daga lokacin da yake Kudu, ta shafi gidanku, kuma ya yi daidai da ya nemi yardarki. Na roƙe shi ya bar ni in sanar da ke. Ya ce zai yi tunani.

Na san wannan bai kai abin da kika nema ba. Ina neman afuwa.

Naki,
Jamaluddeen

*

Babura,
Talata, 3 ga Satumba

Jamalu,

Muna lafiya. Na yi shiru ne don kada in rubuta abin da zan yi da-na-sani, amma mako biyu bai huce ni ba.

Ni na aike ka. Ni na buɗe maka ƙofar gidan ubana. Yau kai ne za ka ce mini "ta shafi gidanku" ka rufe ambulan? Ka san yadda kalma uku suke kwana da mutum?

To ni ba yarinya ba ce. Maganar Kudu, wadda ta shafi gida, wadda ba a iya faɗa sai bayan Inna ta rasu: mace ce. Ya bar mata a can, wataƙila da ɗa. Ba shi kaɗai ba ne, mun ji irinsu. Ina jin Yakubu ya sani, ko Shatu ce ta riƙe wata takarda. In haka ne, ka gaya masa ba abin da zai kashe ni ba ne. In muna da ɗan'uwa, a nemo shi, ko da coci yake zuwa. Jini ba ya ƙarya. Abin da ba zan ɗauka ba shi ne a kai zancen wani ƙauye a fara faɗa wa bare kafin mu.

Ranar Asabar na je Roni da kaina. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ja rawani ya rufe baki, ya tambayi bango ko gero ya yi kyau a Babura. Na ce, "Baba, maganar tafiya." Ya ce a ba baƙuwa ruwa. Baƙuwa! Haka na taso na dawo.

Kai kuma ina so ka tambayi kanka tsakani da Allah: tsohon nan kake kula da shi, ko babi na huɗu na bincikenka ka samu? Na san yadda kuke, ku masu bincike. In kun ji abin kunya a gidan mutane sai idonku ya yi haske.

Ban yarda da tafiyar ba. Ka gaya masa haka.

Zubaida

*

Kazaure,
Asabar, 7 ga Satumba

Zuwa ga Gwaggo Zubaida,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Wasiƙarki ta iso ranar Laraba. Tambayar da kika yi mini ta ƙarshe tana kan hanya, kuma na yi wa kaina ita tun kafin ki yi. Amsar da zan iya bayarwa ita ce: babu kalma ɗaya daga abin da ke biye da za ta shiga bincikena.

Na karanta masa sashen da kika yi zancen mace da ɗa. Ya yi dariya har ya yi tari. Sannan ya ce, "Da ma hakan ne." Ya ce in rubuta miki duka. Ina roƙon ki karanta ke kaɗai.

A daminar shekara ta biyu ta yaƙin, rundunarsu ta ja da baya ta cikin dajin kwakwar manja, kusa da wani rafi da bai san sunansa ba. Da rana ne, amma ruwa ake yi tun safe kuma itatuwa sun rufe sama. Harsashi ya sami Yakubu a ciki. Baba ya goya shi, ya ce bai fi tafiyar zaure zuwa kasuwa ba, sai aka ba da umarnin a bar duk wanda ba ya iya tafiya. Ya ajiye shi a gindin wata bishiya. Yakubu yana da rai, yana magana, yana cikin hankalinsa. Shi ya kwance ɗamararsa ya ba Baba. Ya roƙe shi abu ɗaya: ya kwantar da shi ya fuskantar da shi gabas.

Ga kalmomin Baba kamar yadda na riƙe su: "Jikana, mu a nan ko makaho ya san gabas. Ga rana, ga masallaci, ga ƙofar ɗakin uwarka. A can babu sama. Na duba nan, na duba can, duk ganye ne da ruwa. Ana harbi. Sai na zaɓi wani ɓangare na juya shi, na ce masa ga gabas nan. Ya ce Allah Ya saka. Na tafi, na miƙe ta inda fuskarsa take kallo, ban karkace ba. Washegari da gari ya waye, rana ta fito mini ta ƙeya."

Wato yamma ya fuskantar da shi.

Na tambaye shi ko Yakubu ya yi kalmar shahada. Ya ce bai ji ba. Ya ce abin da ya ji yana tafiya shi ne sunansa, Yakubu yana kira, sau uku ko huɗu, kuma bai waiwaya ba. Bai san ko ya rasu a ranar ba, ko washegari, ko an tsince shi. Bai sake jin labarinsa ba.

Da aka gama yaƙi ya je Unguwar Tsamiya da niyyar faɗin gaskiya. Ya tarar da mahaifiyar Yakubu ta fito har bakin hanya. Tambayarta ta farko ita ce, "An yi masa sutura?" Ya ce bai san lokacin da bakinsa ya ce an yi ba. Daga nan aka kai shi gaban liman da dagaci, ya ba da shaida cewa ya ga rasuwarsa, ya binne shi da hannunsa, ya fuskantar da shi gabas. A kan wannan shaida Inna Dela ta yi takaba.

Na yi masa tambayar da na san za ki yi, duk da cewa ba ta dace da bakina ba: ko ya yi haka ne don ya auri Inna. Bai yi fushi ba. Ya ce a ranar bai tuna da ita ba. Ya ce amma da manya suka zo da maganar bayan shekara biyu, yana da damar ya buɗe baki, bai buɗe ba. Ya ce, "Na yi wa kaina tambayar nan shekara hamsin. Ran da na ce a'a, sai washegari in ce wataƙila." Inna ta rasu ba ta sani ba.

Abin da yake so shi ne ya je gaban Shatu da limamin garin ya janye shaidarsa, a gaban shaida, tun yana da baki. Ya san cewa idan ya janye ta, mutane za su yi lissafi: takabar da aka yi ba tare da tabbacin mutuwa ba, auren da ya biyo baya, da 'ya'yan auren. Ke ce ta fari. Shi ya sa ya ce sunan Dela da naki ba nasa ba ne shi kaɗai, kuma idan kika ce a'a zai mutu da maganar.

Ba ni da shawarar da zan ba ki. Zan ƙara abu ɗaya da na gani: ƙafar ta fara canza launi daga sama da idon sawu.

Naki,
Jamaluddeen

*

Babura,
Alhamis, 26 ga Satumba

Jamalu ɗana,

Lafiya ta jiki muna da ita. Ka yafe mini maganar babi na huɗu.

Kwana goma sha tara ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Na je wurin wani malami a wani gari, ban faɗi suna ba, na ce labarin wata ce. Ya ce babu laifi a kan matar, kuma 'ya'ya na ubansu ne, babu shakka a kai. Na ji daɗi har bakin mota. Sai na tuna ba malam ne zai zauna kusa da ni a gidan suna ba ranar da zancen ya iso Babura. Zai iso kuwa. Ina da 'ya'ya mata biyu a ɗakin miji.

Na yi fushi da Baba, har yanzu ina yi. Ba don ni ba. Don Inna, wadda duk azumi take dafa abinci ta aika masallaci da sunan Yakubu, shi kuma yana zaune yana kallo.

Amma na yi tunanin Shatu. Da ƙanina ne aka bari a gindin bishiya, zan so a gaya mini ko ina da shekara ɗari.

Ku je. Ka tafi da maganinsa da abin da zai ci. Ka rubuto mini abin da aka faɗa, kalma da kalma. Kada ka rage, kada kuma ka ƙara don ka tausaya wa wani. Tausayin minti ɗaya ne ya kawo mu nan.

Ka gaya masa ta Babura ta ji, kuma ta ce a sauka lafiya. Sauran maganar ba ta takarda ba ce, kuma ban san ko zan taɓa samun inda zan yi ta ba.

Gwaggonka,
Zubaida

*

Kazaure,
Alhamis, 3 ga Oktoba

Zuwa ga Gwaggo Zubaida,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya tare da iyali. Mun je, mun dawo. Ga bayani.

Na isar masa da saƙonki ranar Lahadi. Ya sa na maimaita shi sau biyu.

Mun tashi daga Roni ranar Talata da ƙarfe takwas a motar haya. Ya sa farar riga, ya ƙi ɗaukar sanda sai da na nace. Daga Gwiwa hanyar ta lalace, mota ta tsaya inda ruwa ya yanke ta, aka ɗora shi a amalanken shanu, ni ina biye a ƙasa. Ana girbin gero a gonaki. Sau ɗaya ya yi magana, ya ce a da babu gidaje a wannan gefen.

Mun fara zuwa wurin liman, mutum ne da bai wuce shekara hamsin ba. Ya raka mu gidan da Shatu take. Ta tsufa, ganinta ya yi rauni, amma jinta garau ne. Da aka ce mata Sama'ilu na Roni ne, ta tashi tsaye da kanta, tana cewa, "Lale, lale! Aminin Yaya! Ashe za mu gana?" Ta sa a shimfiɗa masa tabarma. Ya ƙi, ya zauna a ƙasa. Ta ce, "Ka san Iya har ta rasu ba ta yi salla ba ta sa sunanka ba? Ka san ɗana na biyu sunanka ya ci?" Ya ce, "Shatu, ki bari in yi magana tun ina iyawa." Ya juyo ya ce mini, "Kunna abin naka."

Ya faɗi duk abin da na rubuta miki, bai rage komai daga bishiyar da ɗamarar da fitowar ranar ba. Ya ɗauki minti goma sha ɗaya. Ya rufe da cewa, "Liman, shaidar da na bayar a garin nan ta zur ce. Na janye ta. Ga mai shaida nan, jikana ne amma ba ɗan cikina ba."

Shatu ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana murza bakin zanenta. Ta ce, "Wato kura ce ta yi masa sutura." Ta ce, "Dela ta sani?" Ya ce ba ta sani ba. Ta ce, "Ta huta." Liman ya fara nasiha a kan yafiya, ta ɗaga masa hannu, ta ce, "Malam, tun ba a haife ka ba aka yi wannan abu. Bari." Sannan ta ce wa Baba, "Ban ce Allah Ya isa ba, ban kuma ce na yafe ba. Ba ni ka bari ba. Wanda ka bari yana gaba, kuma daga ni har kai mun kusa."

Daga nan muryarta ta canza, ta yi ƙasa ƙwarai. Ta ce, "Abu ɗaya zan tambaya. Gabas da yamma duk na Allah ne, wannan bai dame ni ba. Ya yi kalmar shahada?" Baba ya amsa cewa ya yi. Ta ce alhamdu lillahi sau uku, sai a lokacin ta yi hawaye. Ta sa aka kawo fura. Bai sha ba.

Liman ya ce zai sanar da dattawan gari bayan sallar Juma'a, saboda a gabansu aka ba da shaidar farko. Na roƙe shi ya taƙaita a kan abin da ya shafi Yakubu. Ya ce zai yi ƙoƙari. Ina ganin ya kamata ki shirya.

Mun iso Roni bayan la'asar. Ƙafar ta kumbura sosai, jiya ƙaninki ya kawo shi asibiti nan Kazaure, an ba shi gado. Likita ya ce za a duba ko za a iya ceto ta. Yana cikin hankalinsa. Tun da muka baro Unguwar Tsamiya bai yi mini wasa ba, bai kuma kira ni jikansa ba. Idan za ki zo, ina ganin kada ki wuce wannan makon.

Naki,
Jamaluddeen Ahmad

Gyara: Na rubuta a sama cewa Baba ne ya amsa tambayar Shatu ta ƙarshe. Ba haka ba ne. Ya buɗe baki zai amsa, na ga fuskarta, sai na riga shi. Ni na ce, "Ya yi, ya gaya mini." Ya juyo ya dube ni, bai ƙaryata ni a gabanta ba. Muryata tana cikin na'urar.